Minsharin maigidana da robar bakin da ake talla a waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da mutane suka mayar abin dariya, alhali ni saura ƙiris ya sa ni takaba da ƴaƴa biyar. Maganar minshari ce, wanda mu nan Adar muke cewa hansari.

Ni malamar makarantar firamare ce a Tawa. Maigidana direban babbar mota ne, yawanci albasa yake ɗauka zuwa Yamai, ya dawo da abin da ya samu. Shekararmu 19 da aure, kuma da izininsa nake rubuta wannan wasiƙa. Abin da ya tayar da ni shi ne, makon jiya wata abokiyar aikina ta nuna mini talla a Facebook: wata ƴar roba mai kamar kofaton doki, wai a jefa ta cikin ruwan zafi, a ciza, a kwana da ita, minshari ya ƙare daga daren farko. Ta riga ta aika jika biyar a kawo wa mijinta. Na tambaye ta ko ta taɓa zama ta saurari numfashinsa da dare. Ta ce a'a, ita dai ƙarar ce ke hana ta barci. Nan hankalina ya tashi, domin ni ma da ƙarar kaɗai na damu shekara da shekaru.

Duk wanda ya san Tawa a watan Afrilu da Mayu ya san ba mai kwana ɗaki. Kowa tsakar gida yake shimfiɗa, kuma ta katanga maƙwabta na jin juna. An san minsharin Malam, wato maigidana, a layinmu. Abokansa na tsokanarsa da shi a majalisa, uwar mijina kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, cewa take yi gajiyar neman halak ce, a bar shi ya huta. Na yarda da hakan har zuwa wani dare da ƙaramar ɗiyata ta yi zazzaɓi, na kwana zaune. A daren na ji abin da ban taɓa lura da shi ba. Minsharin zai yi ta hawa, sai ya tsaya cak. Ƙirjinsa na motsi, cikinsa na kokawa kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, amma ba iskar da ke shiga. Na dubi agogon waya na ƙirga: sakan 20, wani lokaci 30, sau ɗaya har ya wuce 40. Daga nan sai ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya motsa ƙafa, ya koma. Kafin kiran assalatu na daina ƙirge don tsoro. Da safe na gaya masa, ya ce shi bai san an yi ba, barcinsa ya yi har asuba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwo mai shi ne na ƙarshen sani. Wanda ke kwana kusa da shi ne ke gani. Da na fara haɗa abubuwa sai na ga alamun sun daɗe a gabana. Yana tashi da ciwon kai da bushewar baki. Yana fita fitsari sau uku ko huɗu a dare, har muka je aka auna suga aka ce babu. Yana gyangyaɗi ana huɗuba ranar Juma'a, yana gyangyaɗi da kofin shayi a hannu. Mutum mai sanyin hali ya koma mai saurin fushi da yara. Ga hawan jini da ake ba shi magani iri biyu amma ya ƙi sauka yadda ake so. Ya kuma yi ƙiba tun da ya bar dako ya zauna bayan sitiyari, har telansa ya ce wuyan rigarsa ya kai santimita 44.

Dangi sun kawo shawara iri iri. Wasu suka ce dannau ne, a yi rubutu. Wani kawunsa ya ce hakin wuya ne ya yi tsawo, a kira wanzami ya cire. Wannan na tsaya na ƙi, kuma ina kira ga jama'a su ƙi. Babba ba jariri ba ne, ko jaririn ma likitoci na hanawa saboda zubar jini da cutar da aska ke iya ɗauka daga wani zuwa wani. Ban da haka, toshewar ba a hakin wuya kaɗai take ba.

Abin da ya kai mu likita hanya ce. Wata rana da hantsi, tsakanin Dogon Dutsi da Dosso, barci ya sace shi da mota cike da albasa. Yaron motarsa ne ya ga ta fara cin gefen kwalta, ya daka masa tsawa ya riƙe sitiyarin. Allah ya kiyaye, ba a faɗi ba. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce mini, "Malama, abin nan da kike faɗa, mu je a duba."

Ƙanena ma'aikacin jinya ne a Yamai, shi ya yi mana jagora zuwa wani likitan huhu. Likitan ya sa aka ɗaura wa Malam wata ƴar na'ura ya kwana da ita dare ɗaya: siririn tiyo a hanci, ɗamara a ƙirji da ciki, da wani maƙali a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Washegari ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausa, Allah ya saka masa. Ya ce idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro na saki, harshe na zamewa baya, musamman in an kwanta rigingine. In hanyar ta ƙuntata, iska na kaɗa naman ganda, wannan shi ne ƙarar da muke ji. In ta rufe gaba ɗaya na sakan 10 ko fiye, shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci, abin da suke kira apne. Iskar jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Ana ƙirga sau nawa numfashin ke yankewa ko raguwa sosai a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Na Malam 23 ne. Wato kusan kowane minti uku sai an shaƙe shi, dare bayan dare, shekaru. Na yi kuka a ofishin nan, domin na tuna sau nawa na zungure shi da gwiwar hannu ina masa ƙorafi.

Ba ciwon mutum ɗaya ba ne. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 na da shi a duniya. Yana da alaƙa da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da ciwon suga, da haɗarin mota. Sau nawa muke jin an ce wane ya kwanta lafiya an tashi an ga ɓarin jikinsa ya mutu, a ce iska ce ta buge shi?

Likitan ya ce maganin da ya fi ƙarfi shi ne injin hura iska, wanda likitocinmu ke kira PPC, na ƙasashen Ingilishi kuma CPAP. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981. Ana sa abin rufe hanci, injin na tura iska a hankali ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba ni da abin sukar wannan inji, kuma wanda nasa ya yi tsanani shi ya kamata ya fara nema. Amma ka dubi rayuwarmu. Injin na son wutar lantarki dukan dare, a lokacin zafi kuwa kowa ya san yadda wuta ke zuwa tana tafiya. Malam kuma rabin kwanakinsa a kan tabarma yake yi ƙarƙashin mota, a tasha ko a bakin hanya. Ina zai jona shi? Ga tsada, ga ƙurar hunturu da ke cika matatarsa. Da likitan ya ji haka, kuma ya ga ciwon matsakaici ne, sai ya tura mu wurin likitar haƙori don a gwada abin da suke kira ortez. Mu a gida mariƙin haɓa muke ce masa.

Dabarar mai sauƙin ganewa ce, har na gwada wa ɗalibaina manya. Saiwar harshe a jikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa take, daga bayan haɓa. In ka turo muƙamuƙin gaba, harshe ya biyo shi, hanyar iska ta buɗe. Mai karatu ya gwada yanzu: ya yi ƙarar minshari da gangan, sa'an nan ya turo haƙoran ƙasa su wuce na sama ya sake gwadawa, zai ji ƙarar ta ƙi fita sosai. Ba sabon tunani ba ne. Tun 1902 wani likitan baki a Faransa, Pierre Robin, ya ƙera abin turo muƙamuƙi gaba don yara masu ƙaramar haɓa. Na yanzu faifai biyu ne na roba mai tauri, ɗaya na hawa haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, da ƴan sanduna a gefe da ke haɗa su. Haƙoran sama su ne turke, su ke riƙe na ƙasa kada su koma baya. Ba waya, ba batir, yana shiga aljihun riga.

To a nan ne na koyi abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne rabin dalilin wannan wasiƙa. Likitar ba ta fara da awo ba, ƙirgar haƙora ta fara yi. Ta ce abin a jikin haƙora yake kamawa, don haka ana son aƙalla kamar takwas masu ƙarfi a sama da takwas a ƙasa, da dasashi mai lafiya, da gaɓar muƙamuƙi wadda ba ta ciwo. Malam ya riga ya rasa turame uku. Kowanne ciwo ya yi, aka je aka cire, domin haka muka saba: haƙori ya yi ciwo, a fitar da shi a huta. Biyu kuma sun fara ruɓewa, ga dattin da ya daskare a gindinsu saboda shekarun goro da shayi mai sukari da yake sha don korar barcin da wannan ciwon ne ke kawo shi. Sai da aka cike biyun, aka kankare sauran, aka jira dasashin ya daina jini, kafin ta ɗauki zubin bakinsa. Da an ci gaba da cire masa haƙora haka, da wannan ƙofa ta rufe masa. Wani abokin aikinsa da ya bi sawunsa daga baya haka ta faru da shi, an duba aka ce haƙoran da suka rage ba za su riƙe ba. Ban taɓa tunanin haƙorin da mutum ya bari aka cire yana ɗan shekara 35 zai iya hana shi maganin numfashi yana da 50 ba.

An aika zubin waje aka ƙero, muka jira makonni. Kuɗin, da na gwajin da na zirga-zirga tsakanin Tawa da Yamai, ya ci abin da ya kai ragon layya biyu masu kyau. Na sayar da ƴan kunnena na zinari, kuma ban yi nadama ba.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Makon farko miyau ya yi ta zuba har matashin kai na jiƙewa. Da asuba in ya cire, muƙamuƙinsa na yin tsami, haƙoran ba sa haɗuwa daidai sai bayan kamar rabin awa, har karatun salla na yi masa nauyi a baki. Likitar ta koya masa motsa muƙamuƙi da taunar cingam na ƴan mintoci, abin ya yi sauƙi. Dare biyu na tarar da shi ya tofar da abin cikin barci. Kuma ba a turo haɓar gaba ɗaya rana guda. An fara da kamar rabin iyakar abin da zai iya turowa, sa'an nan ana ƙara milimita ɗaya ɗaya, ana sauya ƴan sandunan, sai da muka koma sau uku cikin wata uku. Ta kuma gaya mana gaskiya cewa da shekaru haƙora na iya ɗan gusawa, cizo ya sauya, shi ya sa dole a riƙa kai mata shi tana dubawa ko ba abin da ke ciwo.

Bayan wata uku minsharin ya koma ɗan gurnani. Ni a wurina magana ta ƙare, amma likitan huhu ya ce sam, sai an sake kwana da na'urar gwaji, wannan karon da mariƙin a baki. Dalilinsa shi ne abin da nake so abokiyar aikina da duk mai sayen robar talla su ji: ƙara na iya mutuwa numfashi ya ci gaba da yankewa. Akwai mutanen da mariƙin ba ya yi wa aiki ko da na kirki ne, kuma ba a ganewa da kunne. In aka kashe ƙarar ba a auna ba, an cire wa matar gida alamar da za ta sa ta tashi tsaye, ciwon kuma na nan yana cin zuciya a ɓoye. Na Malam ya sauko daga 23 zuwa 6. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya, ciwon kan safe ya tafi. Maganin hawan jini yana nan yana sha, ba a ce ya bari ba, amma awon ya daidaita fiye da da.

Ni da ƙanena mun karanta cewa a 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori masu wannan aiki sun fitar da ƙa'ida tare. Sun ce a yi amfani da wanda likitan haƙori ya auna wa mutum shi kaɗai kuma ake iya ƙara masa tsawo, a fifita shi a kan na kanti, likita ne zai rubuta shi bayan gwaji, kuma a sake gwaji daga baya. Robar ruwan zafi girmanta ɗaya ga kowa, tana sakin haƙora cikin dare, ba wanda ya duba ko haƙoranka za su ɗauka, ba wanda ya san ko minsharinka na banza ne ko mai yanke numfashi. Araha ba ta ado. Mai haƙori mai girgiɗi zai iya wayar gari da shi a hannu.

Ba mariƙin kaɗai ya yi aikin ba. Na ɗinka masa aljihu a bayan rigar barci na cusa ƙwallon tsumma, don in ya juya rigingine ya ji tokari ya koma gefe. Na rage masa mai da tuwon dare, ya sauke kilo biyar. Da hunturu yana wanke hanci da ruwan gishiri kafin ya kwanta, domin toshewar hanci na ɓata aikin. Abu ɗaya da ya kamata direbobi su sani: kada a bar mariƙin cikin mota a rana, kada kuma a wanke shi da ruwan zafi, zai lanƙwashe. Ruwan sanyi da buroshi da ɗan sabulu sun isa. Sai maganar ƙwayoyi, wadda ba na jin daɗin faɗa amma dole. Mun san abin da wasu matasan direbobi ke haɗiya don su jure hanya, irin su tramadol, da kuma ƙwayoyin sa barci in sun sauka. Waɗannan da giya suna ƙara sakin maƙogwaro da danne numfashi. Mai wannan ciwo da ke shan su yana wasa da ransa da na mutanen da zai gamu da su a kwalta.

Mata ma na yi, musamman bayan ɗaukewar al'ada da lokacin ciki, sai dai kunya ba ta barin a faɗa. Miji ya ji matarsa na shaƙewa cikin dare, ya kai ta a duba, ba abin gori ba ne. Yaro kuwa da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, yana gyangyaɗi a aji, ina ganin irinsu a gabana kowace shekara. Nasu yawanci kumburin ƴaƴan wuya ne da naman bayan hanci, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a kai su. Kada a sa musu robar manya.

Roƙona ga hukumomin lafiya na ƙasarmu ba mai yawa ba ne. Ma'aikacin da ke auna hawan jini a cibiyar lafiya ta unguwa ya ƙara tambaya biyu: kana minshari, kuma an taɓa ce maka numfashinka na tsayawa? In da hali a tambayi matar. Na'urar gwajin da aka ɗaura wa Malam ba ta fi tafin hannu ba, ina fatan a samar da irinta a manyan asibitocin jihohi, domin tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa zuwa Yamai, sau da yawa, ba kowa ke iyawa ba. A horar da likitocin haƙoranmu da masu ƙera haƙoran roba su iya yin mariƙin a nan gida, kuɗin zai sauko. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motocin fasinja kuma su sa a duba direbobinsu ba tare da barazanar kora ba, domin tsoron rasa aiki ne ke sa mutum ya ɓoye cewa barci na sace shi a hanya. Malam da kansa ya yi wata guda yana tsoron kada mai motar ya ji.

Kai kuma Malam Edita, a watan Maris ake ranar barci ta duniya, ranar 20 ga watan kuma ta lafiyar baki ce. Ina roƙon jaridarka ta gayyaci likitan huhu da likitan haƙori su zauna tare su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, a kuma ba gidajen rediyo su karanta, saboda yawancin abokan aikin maigidana da kunne suke samun labari.

Abokiyar aikina ta yarda za ta zauna dare ɗaya da agogo kafin robar ta iso, ta rubuta abin da ta ji. Malam kuwa jiya ya yi lodi ya kama hanyar Ƙonni, ƴar akwatin mariƙin na cikin aljihun gaban rigarsa tare da lasin. Likitar haƙori na jiransa bayan Salla don duba turamen hagu, inda ya ce yana jin ɗan tsami.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.